Kalmalo: Ruwa Tukuna, Kwalliya Daga Baya

A watan Oktoba na 2024 aka ƙaddamar da aikin babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry, mai tsawon kilomita 1,068, wadda za ta taso daga Illela a bakin iyakar Nijar ta dire a gaɓar teku. Tsohon buri ne tun zamanin mulkin Shehu Shagari, kuma ko ba a gama ta a wa'adin da aka ɗiba ba, sanarwar kaɗai ta isa ta sauya lissafi a yankin. Wanda ya san sha'anin hanya a ƙasar nan ya san abin da ke biyo baya. Kafin kwalta ta iso, dillalan filaye sun riga ta. Bayansu sai masu zane, da hotunan da aka haɗa a kwamfuta. To da yake 'yan kilomitoci kaɗan daga garin Illela akwai tafki mai tsohon suna, ba sai an je wurin mai duba ba kafin a san cewa wata rana za a nuna mana bakin Tafkin Kalmalo a allo: an shimfiɗe shi da tayil, an jera fitilu masu aiki da hasken rana, ga kwale-kwalen shaƙatawa, ga otal yana fuskantar ruwa.

Ba na cikin masu ganin irin wannan ya fi ƙarfin ƙauye. Yadda mazaunin Abuja yake son ya zauna bakin tafkin Jabi ya sha iska da yamma, haka mutumin Kalmalo yake son inuwa da hanya mai kyau da wurin zama mai tsabta, kuma haƙƙinsa ne. Damuwata tana ga abin da za a sa gaba da abin da za a bari baya. Matsalar Kalmalo ta farko ita ce ruwan kansa, kuma makullin ruwan nan yana ƙetaren iyaka.

Babban abin da ke cika tafkin shi ne Majiya, ƙoramar da ke tasowa daga duwatsun Adar a jihar Tawa ta Nijar, ta biyo kwari ta wajen Buza, ta gangaro kusa da Birnin Ƙwanni, ta tsallako iyaka ta zube a Kalmalo. Da damina take zuwa, wani lokaci da ƙarfin da zai iya tafiya da gada, da rani kuwa yashi ne zalla. A ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980 gwamnatin Nijar ta kafa babban filin noman rani na Ƙwanni, mai faɗin fiye da hekta 2,000, ta datse Majiya da madatsun Mozage da Zango domin shayar da shi, ta kuma yi wani ma'ajin ruwa a Cerasa. Aikin ya faɗo tsakanin farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1985. Ruwan sama ya ragu, wanda ya sauka kuma aka tare shi tun daga sama. Tafkin da a da yake riƙe ruwa har ya ciyar da masunta, har gwamnati ta ga ya isa a kafa masa aikin noman rani irin na Wurno da Kware, sai ya koma zaman jiran tsammani. Shekarar da damina ta yi albarka ya kawo, shekarar da ta gaza ya zama fili.

Abu ne mai sauƙi a tsaya a Illela a nuna Ƙwanni da yatsa, amma ba adalci ba ne. Manomin albasar da ke ban-ruwa a filin Ƙwanni ɗan'uwan na Kalmalo ne, wani lokaci uwa ɗaya uba ɗaya, wani lokaci suruki. Iyakar da ta raba su Turawan Ingila da na Faransa suka ja ta a takarda, suka yi ta gyara ta tsakanin 1898 da 1906 kafin su zo su kafa mata turaku. Sannan abin da Nijar ta yi wa Kalmalo mu ma mun yi wa Maraɗi. Madatsar Jibiya da aka gina a kan kogin Gada a jihar Katsina, wadda ta fara aiki a farkon shekarun 1990, ita ce mutanen Gulbin Maraɗi suka daɗe suna kuka da ita, don ta rage ruwan da ke isa fadamarsu. A Majiya su ne a sama, a Gada mu ne a sama. Ni a ganina wannan alheri ne, domin idan kowane ɓangare yana riƙe da abin da ɗan'uwansa yake nema, ciniki yana yiwuwa.

Kuma an taɓa zama a kan cinikin. Ranar 18 ga Yuli, 1990, Najeriya da Nijar suka sa hannu a Maiduguri a kan yarjejeniyar raba ruwan da suka yi tarayya a kansa bisa adalci. Ta ambaci kwaruruka huɗu da sunansu: Majiya da Lamiɗo, Gada da Gulbin Maraɗi, Tagwai da El-Fadama, sai ƙasan Komadugu Yobe. Ta tanadi musayar bayanai a kan yawan ruwa, da sanar da juna kafin a fara wani sabon aiki da zai taɓa rabon maƙwabci, da kwamitin masana ruwa a ƙarƙashin Hukumar Haɗin Gwiwar Najeriya da Nijar, wadda aka kafa tun 1971 mai hedikwata a Yamai. Takarda ce mai kyau. Abin da ya rage mata shi ne ta sauko daga ofis ta zama adadin ruwa da kwanan wata, yadda Sarkin Ruwan Kalmalo zai iya cewa a wata kaza za a saki kaza.

An yi damar da ta dace a buga wannan ƙofa. A 2016 Amurka ta sa hannu da Nijar a kan tallafin dala miliyan 437, kuma gyaran filin noman rani na Ƙwanni yana cikin manyan ayyukan da kuɗin suka ɗauka. Idan aka gyara magudanan da ke zubar da ruwa a hanya, ruwan da ake buƙata don shayar da hekta ɗaya yana raguwa. Tambayar da ta kamaci Sakkwato ita ce: rarar nan ta wa ce? Za a ƙara faɗin fili da ita ne, ko za a bar wani kaso ya bi tsohuwar hanyarsa zuwa Kalmalo? Tambayar ba ta tsufa ba, har gobe ana iya yin ta.

Sai dai siyasa ta dagula ruwan. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, Najeriya ta rufe iyaka ta kuma yanke wa Nijar wutar lantarki a ƙarƙashin takunkumin ECOWAS. Wutar nan kuwa shekara da shekaru ana kallon ta a matsayin rabin wata fahimtar juna: mu ba su wuta daga Kainji, su kuma su bar kogin Kwara ya gangaro. Wanda ka kashe wa fitila jiya, da wuya ka je masa roƙon ruwa yau ya yi maka shimfiɗa. An buɗe iyaka a watan Maris na 2024, Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS a Janairun 2025. Amma hukumar 1971 ta ƙasashen biyu ce kai tsaye, ba ta rataya a wuyan ECOWAS ba, kuma a watan Afrilun 2025, da ministan harkokin wajen Najeriya Yusuf Tuggar ya je Yamai, farfaɗo da ita yana cikin abin da aka tattauna. Maganar tsaro da ta jirgin ƙasa da ta bututun gas tsakanin ƙasashen biyu manya ne, za su ɗauki lokaci. Maganar ruwan Majiya ƙarama ce, kuma irin ƙananan nan ne ake fara gwada amana da su. Ma'aunin ruwa guda a inda ƙoramar ke tsallako iyaka, wanda ma'aikatan ɓangarorin biyu za su riƙa karantawa tare. Jadawalin sakin ruwa idan madatsun suka cika a ƙarshen damina. Da sanarwa kafin a buɗe ƙofofi don kada mai lambu a gindin tafki ya wayi gari amfaninsa a ƙarƙashin ruwa. Ba a buƙatar taron ƙoli kafin a yi waɗannan.

To ko an saki ruwan, ina zai zauna? Shekaru da dama na zaizayar ƙasa sun cika gindin tafkin da yashi da laka. A yankin da rana ke iya shanye kusan mita 2 na ruwan da ke buɗe a shekara, tafki mai faɗi marar zurfi asararre ne tun kafin bazara. Nan ne kalmar yashewa take shigowa, kuma nan ne ya kamata a buɗe ido, don babu kwangilar da ta fi ta yashe ruwa daɗin ci: abin da aka kwashe ba ya ƙirguwa, ramin da aka haƙa kuma damina ɗaya ta isa ta rufe shaida. Abin da ya fi dacewa shi ne a zaɓi wasu wurare kaɗan a zurfafa su sosai, su riƙe ruwa har rani don kifi da dabbobi, a bar sauran faɗin ya ci gaba da aikinsa na fadama. Lakar da aka kwaso kuma tana da masu so, manoman tudu da masu buga tubali.

Yashewa ba tare da tsare ƙasar da ke sama ba aikin banza ne, kuma a nan ma darasin yana kan Majiyar kanta. Tun 1975 ƙungiyar CARE da manoman kwarin Majiya suka fara dasa layukan dogon-yaro don karya iska, aikin da ya yi suna a duk yankin Sahel. A ɗaya Illelar, ta jihar Tawa, manoma sun farfaɗo da faƙon da aka yanke wa ƙauna ta hanyar haƙa ƙananan ramukan tassa da ake zuba wa taki. A Maraɗi da Damagaram kuwa barin kututturen itace ya sake tofo a gona ya mayar da miliyoyin hekta kore. Yawanci Hausawa ne suka yi, da fartanya da gatari, a ƙasa irin tamu. A namu ɓangaren akwai shirin ACReSAL na Bankin Duniya, mai dala miliyan 700, wanda aka amince da shi a ƙarshen 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma gyaran kwaruruka da dausayi shi ne ainihin aikinsa. Idan Kalmalo bai cancanci kuɗin nan ba, da wuya a nuna inda ya cancanta.

Wani zai ce a bar wahalar Nijar, a jawo ruwa daga wani wuri. An yi haka a wasu ƙasashe. Birnin Ahmedabad na Indiya yana da kogin Sabarmati wanda shi ma da rani yake bushewa. Da suka fara gyaran bakinsa a 2005, sai suka riƙa zuba masa ruwan da aka jawo daga kogin Narmada, suka tare shi da madatsa a ƙasan gari don ya zauna shekara duka. Wurin ya yi kyau a hoto. Amma dubban iyalai aka tasa daga bakin kogin, ruwan kuma na wasu manoma ne aka karkato. Ko rafin Cheonggyecheon na Seoul da ake yawan buga misali da shi, wanda aka buɗe a 2005 bayan an rushe titin da ya rufe shi, da inji ake tura masa yawancin ruwansa. Waɗannan birane ne masu miliyoyin mutane da harajin da zai biya kuɗin wuta. Ƙaramar hukumar Illela duka mutum 150,000 da 'yan kai ƙidayar 2006 ta ba ta. Madatsar Goronyo da ido zai fara kai wa kuwa, mai ɗaukar kubik mita miliyan 942 na ruwa a ƙa'ida, ita ke shayar da birnin Sakkwato da manoman Rima, kuma a ranin 2018 ta ja baya har aka shiga fargabar ƙishirwa a birni. Ba ta da rarar da za a yi ado da ita.

Akwai kuma abin da masu zane suka fi kasa ganewa game da irin wannan tafki, wato bakinsa tafiya yake yi. Inda masunci ya ɗana mali a watan Satumba don tarwaɗa, nan mai lambu zai dasa albasa ko tumatir a Disamba yana bin danshi, nan kuma makiyayi zai sako shanu su ci ragowar ganye a Afrilu. Gaiwa ma ta san da haka, shi ya sa take binne kanta a laka ta jira damina. Fili ɗaya, masu haƙƙi uku ko huɗu a shekara, ga mata masu wanki da ɗibar ruwa, ga masu tubali. Al'ada ta san yadda ake raba wannan: hakimi da masu unguwanni, Sarkin Ruwa, Sarkin Noma, Arɗo, kowa da lokacinsa da iyakarsa. Ba a rasa rigima, amma akwai inda ake kai ta. Takardar mallakar fili kuwa mutum ɗaya ta sani. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin zama a karkara, kuma ranar da aka rubuta sunan mutum ɗaya a kan yanki na gindin tafki, sauran ukun sun zama masu kutse a wurin da kakanninsu suka ci abinci.

Duk shekarar da tafki ya ƙafe, gindinsa yana kama da filin da ba shi da mai shi. Mun ga ƙarshen wannan tunani a Kano. Kududdufan cikin birni, waɗanda ke karɓar ruwan sama tun zamanin da ake haƙar ƙasar gina ganuwa, an cike su ɗaya bayan ɗaya an yi shaguna da gidaje. Ƙoramar Jakara ma tun 2013 aka fara rufe ta da kankare don a ɗora mata titi. Ruwan bai fasa zuwa ba, ya dai koma kwana a tituna da ɗakunan mutane. Kalmalo bai kai nan ba, shi ya sa maganar take da amfani yanzu.

Don haka aikin farko na gyaran bakin tafkin awo ne. A tara dattawan da suka ga manyan ambaliyoyi, a haɗa shaidarsu da hotunan tauraron ɗan'adam na shekarun baya, a gano iyakar da ruwa yake kaiwa idan ya cika maƙil. A kafa turakun siminti a kan layin, a bi su da itatuwa, a buga a jaridar gwamnati cewa daga nan zuwa ciki ba a gini kuma ba a sayarwa. Sannan a rubuta haƙƙin masu amfani yadda yake a al'ada, da sunan gida ko na unguwa da lokacin shekara. A fitar da burtali da mashaya a fili, da faɗin da garke zai wuce ba tare da ya taɓa lambu ba, domin rabin rigimar manomi da makiyayi a ƙasar nan daga toshe hanyar ruwa take farawa. Idan kuma dole sai an karɓi gonar wani don hanya ko kasuwa, a biya shi kafin katafila ta shiga. Tsohuwar jihar Sakkwato ta san farashin akasin haka: a watan Afrilun 1980 aka zubar da jinin manoma a Bakolori a kan rikicin diyya da filaye.

Maganar sufuri ta fi sauƙi, amma ita ma ana iya yi mata bahaguwar fahimta. Babbar hanyar Badagry ta tireloli ce da masu dogon zango. Mai buhun albasa goma a Kalmalo abin da yake nema shi ne hanyar da za ta kai shi kasuwar Illela ranar Lahadi ko da an kwana ana ruwa, da kwalbatocin da ba za su toshe a damina ta biyu ba. Zirga-zirgar yankin a kan babur ɗin kabu-kabu take, da Keke Napep, da amalanken shanu da jakuna, da ƙafa. Mutanen Araba da Gidan Hamma da Damba da Tozai haka suke shigowa, haka kuma ake tsallakawa cin kasuwar Ƙwanni. Idan aka shimfiɗa hanyar kankare mai faɗi ba a yi mata mashigar dabbobi da ta amalanke ba, ba a yi mata ƙaramar hanya a gefe don masu gajeren zango ba, za ta raba gari da gonakinsa, kuma za a riƙa ƙirga gawa. Idan aka ɗaga ta sama ba a bar wa ruwa isassun ƙofofi ba, ta zama madatsa ta uku, wannan karon tamu ce da hannunmu. Waɗannan abubuwa a matakin zane ake shigar da su, kuma sai wanda ya je ya nema ake ba shi.

Haka nan tasha. Garin da ke da kasuwar dabbobi ta ƙasa da ƙasa yana buƙatar wurin ajiye manyan motoci a wajen gari, da dakalin lodin shanu, da ruwa a kara, don tireloli su daina kwana a bakin titi suna cushe hanyar shiga. Kuma kada a manta cewa lokacin da mai kaya ke ɓatawa a shingayen bincike tsakanin Illela da Sakkwato yakan fi wanda ramukan hanya ke ci masa. Tumatir ba ya jiran a gama ciniki da mai kaki.

Mutanen iyaka sun daɗe suna biyan kuɗin shawarar da ba su aka tambaya ba. An rufe iyakar tudu a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Illela ba sai Disamban 2020. A Nuwamban 2019 hukumar kwastan ta hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, don maganin masu fasa-ƙwauri. Amma injin ban-ruwan mai lambu da babur ɗin ɗan kabu-kabu su ma fetur suke sha. Cire tallafin mai a Mayun 2023 ya ƙara nauyin. Wannan ya sa famfon ban-ruwa mai aiki da hasken rana ya fi fitilar ado muhimmanci a bakin Kalmalo, da sharaɗin a riƙa auna ruwan ƙasa, don idan kowa ya kafa rijiya ya yi ta zuƙa kyauta, tafkin ne zai biya ta ƙarƙashi. Ga kuma wani abu da ke tafe: layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai kilomita 284, zai bi ta Katsina da Jibiya, alhali dogon da ya nufo yamma tun 1929 ya tsaya a Ƙauran Namoda bai iso Sakkwato ba. Idan ya fara aiki, wani kaso na kayan da ke bi ta Illela zai koma gabas. Garin da ya dogara da kayan da ke wucewa kaɗai zai ji a jikinsa. Wanda ke da nasa kifin da albasar da dabbobin, da rumbunan ajiya don kada a sayar da komai a arhar kaka, shi zai tsaya da ƙafarsa.

Wurin taruwar jama'a fa? A ƙasar da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, dandalin da ba inuwa ba dandali ba ne, ko da marmara aka shimfiɗa. Tayil da kujerun ƙarfe sai dai su gasa mai zama. Abin da zai tara mutane a bakin Kalmalo tsohon abu ne: tsamiya da gawo da dogon-yaro, dakalai a ƙarƙashinsu, rumfunan masu kifi da masu gwari a kan tudun da ruwa ba ya kaiwa, famfo, wurin alwala da salla, da banɗaki na maza daban na mata daban. Na ƙarshen nan shi ake mantawa da shi a kowane zane, alhali shi ke yanke hukuncin ko mace za ta iya wuni a kasuwa. A yi matakala a wuraren wanki da ɗibar ruwa, a nesanta su da mashayar dabbobi, don tsargiya da sauran cututtukan ruwan kwance ba su san an yi gyara ba. Duk abin da za a ajiye a ƙasan layin ambaliya ya zama wanda ake iya ɗagawa, irin rumfar kara da zana, ko wanda nutsewa ba ta lalata shi.

In ana son abin da zai jawo baƙi, ba sai an je nesa ba. Kokawa ita ce babban wasan Nijar, tun 1975 suke gasar takobi ta ƙasa, kuma ƙasar Sakkwato ba baƙuwarta ba ce. Filin kokawa da na ƙwallo a bakin tafki, a tsakanin garuruwa biyu masu harshe ɗaya, zai cika ba tare da an buga talla ba. Masu mafarkin yin ƙaramin Argungu kuwa su dubi abin da ke riƙe da na asalin. Bikin kamun kifin da ake yi tun 1934, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2016, ƙarfinsa yana ga dokar hana su a kogin Matan Fada har sai ranar da aka ba da izini. Hutun da ake ba ruwa shi ke kawo giwan ruwan da ake ɗaukar hoto da shi. Shi ma ɗin sai da ya yi kusan shekara goma ba a yi shi ba kafin ya dawo a 2020.

Ba za a yi wannan magana a tsallake tsaro ba. Hare-haren Nuwamban 2021 a ƙauyukan Illela da Goronyo sun ci rayuka da dama, daga baya kuma ga 'yan bindigar Lakurawa a ƙananan hukumomin bakin iyaka. Ba wanda zai je shan iska inda yake tsoron magariba ta riske shi. Ban ce tafki zai kori ɗan bindiga ba. Amma saurayin da ke da aikin watanni bakwai na rani a lambu ko a kan gora yana su, ya fi wuyar saye a kan wanda damina na wucewa ba shi da abin yi sai fito da jarkar mai ko tafiya cin-rani.

Saura wanda zai riƙe abin bayan an yanke kyalle an watse. Kundin tsarin mulki ya ɗora kasuwanni da tashoshin mota da banɗakunan jama'a da wuraren shaƙatawa a wuyan ƙaramar hukuma, kuma hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024 ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Illela tana da abin da yawancin takwarorinta ba su da shi, wato kasuwar da ke tara kuɗin shiga kowane mako. A ware wani sanannen kaso daga ciki don kula da tafki da hanyoyinsa, a damƙa shi ga kwamitin da masunta da masu lambu da makiyaya da mata 'yan kasuwa ke da kujera a cikinsa, a riƙa liƙa lissafin a ƙofar sakatariya inda kowa zai karanta.

Ruwan da ke tsallaka iyakar ƙasa kuwa hurumin gwamnatin tarayya ne, don haka wannan ɓangaren sai an bi ta Abuja. Ɗan majalisar wakilai mai mazaɓar Illela da Gwadabawa yana da ikon ya miƙe a zauren majalisa ya nemi ma'aikatar albarkatun ruwa da ta harkokin waje su kawo amsar tambayoyi uku a rubuce: yaushe kwamitin masana ruwa na yarjejeniyar Maiduguri ya yi zamansa na ƙarshe, nawa ne ruwan da ya tsallako daga Majiya a kowace damina cikin shekaru goma da suka wuce, kuma wane jami'i ne a Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima aka ɗora wa alhakin auna shi.